Mai Guga da Motocin Cikin Gari

Mijin yayata guga yake yi, kuma ba shi da wani suna a unguwarmu da ya wuce sana'arsa. Yara su ce Baba Mai Guga, manya su ce Mai Guga, Yaya kuwa in ta kama dole ta ambace shi sai ta ce "shi". Ni kaɗai nake kiransa Tsohon Miji, don na lura abin yana ba shi haushi, shi kuma ya rama da kirana Barkono. Wai bakina ya fi dutsen gugarsa zafi. Ban taɓa musawa ba.

Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda danna dutse, bayan hannunsa duk tabon wuta. In ka leƙa shagonsa da hantsi za ka same shi tsaye gaban tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo, kumatunsa cike da ruwa. Ya fesa wa riga, ya ɗauko dutsen ya kaɗa shi a iska har gawayin ya yi ja, sannan ya taɓa gindin da yatsa mai yawu ya ji ƙarar. Ba ya magana sai ya kai ƙarshen hannun riga. Ko gobara ka zo faɗa masa sai ka jira. Karin da yake sa wa wando kuwa, mazan unguwa suna cewa zai iya yanka albasa.

Da wannan dutse ya gina gidansa, kuma ba a tashi ɗaya ba. Bana a ɗora bulo, baɗi a yi rufi, shekara ta sake zagayowa a sa ƙofa. Na ga Yaya tana tankaɗe yashi da tsohon ciki. Na gan shi yana jiƙa bulo da sassafe kafin ya hura gawayi. Sai da furfura ta fara fito masa gidan ya zama ɗaki uku da shago a gaba, da banɗaki da ɗan madafi a baya. Ranar da aka gama yaɓe ya zauna a tsakar gida yana kallon bango kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na ce, "Tsohon Miji, kalle shi a hankali mana, kada idonka ya cinye shi." Ya ce, "Barkono, ba ki da aiki a gidan mijinki ne?"

Unguwarmu sabuwa ce, a gefen gari take, kuma kusan duk wanda ke cikinta daga cikin gari ya fito. Gidajen iyaye sun cika, ɗakuna sun yi kaɗan, sai kowa ya nemi fili mai sauƙi a nan baya. Gidan Mai Guga shi ne na ƙarshe a layinsu. Lokacin da ya sayi filin, abin da ke bayansa wani ɗan rami ne da ruwan sama ke bi, wanda akuya ke tsallakewa ba tare da ta ja da baya ba.

Sai ƙaramar hukuma ta zuba wa babban titin da ke samanmu kwalta. Muka yi ta murna. Abin da ba mu lura da shi ba, duk ruwan unguwannin tudu an tattara shi an zuba a kwalbati ɗaya, bakin kwalbatin kuma yana kallon ɗan ramin nan. A ƙa'ida sai an gina magudana ta siminti daga nan har rafi. Aka tsaya a bakin kwalbatin, ma'aikata suka kwashe kayansu suka yi gaba. Daminar farko ramin ya fi ƙarfin akuya. Ba a daɗe ba ya fi ƙarfin ƙato. Kafin mu ankara ya zama kwazazzabo, in ka tsaya a bakinsa ka leƙa sai kanka ya juya, kuma kowace damina yana gutsurar ƙasa yana matsowa wajen katangar Mai Guga.

To, ga inda wautar unguwarmu take, don ba zan ɗora wa hukuma kayan duka ba. Mu jikinmu ne kawai ya taso daga cikin gari, katin zaɓenmu yana can. Kowa a mazaɓar gidan ubansa ya yi rajista, a can sunansa yake, a can yake jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe a wurinmu ranar zuwa gida ce. Tun da sassafe, kafin a hana motoci yawo, za ka ga an wanke yara an ci ado, an kulle ƙofofi, an nufi cikin gari. A bi layi tare da 'yan'uwa, a dangwala wa wanda manya suka nuna, a koma gidan tsofaffi a ci a sha a yi hira har yamma. Unguwarmu kuwa sai ka ce an yi shara. Ma'aikatan zaɓen da ake turowa makarantar firamarenmu barci suke yi a kan benci, ƙuri'un da ke akwatin ko gindinsa ba sa rufewa. Mai Guga kansa ya fi kowa son makon zaɓe, domin kowa yana so ya je gida da kaya masu kari.

Kansilan da unguwarmu ta faɗa a mazaɓarsa wani mutumin tudu ne, muna kiransa Sai Gobe, ba sai na faɗa muku dalili ba. Mai Guga ya yi sawu a ofishinsa har masu gadi suka san tarinsa. Wata rana ya ja mazan layinsu suka tafi tare. Ni ma na bi su, don na san in an bar maza su kaɗai gaisuwa za su yi su dawo. Ban san abin da ya taɓa Sai Gobe ran nan ba, ko gajiya ce ko raini, amma ya faɗi gaskiya.

"Malam Mai Guga," ya ce, "ni fa ba ƙin ku nake yi ba. Amma bari in tambaye ka. Wa ka zaɓa a zaɓen da ya wuce?"

Mai Guga ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni a cikin gari nake zaɓe."

"Kai fa? Kai fa? Ke fa, Malama?" Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da yatsa, amsa duk iri ɗaya. Sai ya jingina da kujera. "To kun gani. In an zauna rabon ayyukan shekara, kowane kansila ɗan abin da zai iya fisgowa bai taka kara ya karya ba. Mutanen tudu rijiyar burtsatse suke so. Su suka ɗora ni a nan, su za su iya sauke ni. Ku ba ku ɗora ni ba, ba za ku iya sauke ni ba. Akwatinku ba ya cizo. Ku je wurin wanda kuka zaɓa mana."

Muka je wurin wanda muka zaɓa. Ya ba mu wurin zama, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar iyayenmu ɗaya-ɗaya, sannan ya ce kwazazzabon ba a mazaɓarsa yake ba, in ya sa baki za a ce ya yi shisshigi. Muka fito. Na dinga zage-zage tun daga bakin ofis har tasha. Da muka sauka daga mota sai Mai Guga ya ce, "Barkono, mutumin nan na farko fa bai yi ƙarya ba."

Washegari ya rufe shago, abin da ko zazzaɓi ba ya sa shi yi, ya tafi ofishin hukumar zaɓe. Da yamma ya dawo ya same mu ni da Yaya muna tsince shinkafa, ya tsaya a kanmu yana bayani kamar wanda ya gano hanyar kuɗi.

"Ashe abin ba wuya. Ka je da tsohon katinka, ka faɗi inda kake zaune yanzu, su ɗora yatsanka a na'ura su ga kai ne, su ce ka dawo. In ka koma ka karɓi sabo. Shi ke nan, sunanka ya fita daga can ya dawo makarantarmu. Gab da zaɓe su manna sunaye a bango, ka je ka duba naka. Abu ɗaya ne kawai, suna rufe ƙofa tun zaɓe na da saura. In ka makara sai wani zagaye."

Na ce, "Yau kuma ka gama hannun rigar ne, ko bakin ne ya tsinke?"

Bakin ne ya tsinke. Daga ranar mutumin da sai an roƙe shi gaisuwa ya koma mai wa'azi. Duk wanda ya kawo kaya sai ya sha tambaya kafin a karɓa. "Ina katinka yake?" In ka ce cikin gari, sai ya ajiye dutse ya fuskance ka. "Shugaban ƙasa bai san da layin nan ba, kuma har ya sauka ba zai sani ba. Kansila kuwa kasuwa ɗaya muke cefane da shi. Shi ke riƙe da lambatunku da kwandon shararku da rufin ajin 'ya'yanku. Kun ɗauki ranar zaɓensa kun mai da ita ranar ziyara."

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani tsohon masinja ya ce masa, "Haba Mai Guga, in cire sunana daga unguwar ubana? Ai kamar mutum ya sayar da gadonsa ne. Me zan ce wa manya?" Wasu suka kwashe kayansu suka koma wajen mai guga na bakin titi, wanda ke ƙona musu wuyan riga amma ba ya tambayarsu komai. Sai dai kwazazzabon da kansa ya taya Mai Guga kamfe. A daminar nan ya haɗiye banɗakin wani gida a ɗaya gefen, da katanga da bishiyar da ke jikinta. Kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. Mutane suka fara zuwa ofishin, bibbiyu, uku-uku, wasu da rana tsaka don kada a gan su.

Ɗan takara ma mun samu. Mai Walda ne, wanda garejinsa ke ɗaya gefen ramin, gajere mai babbar murya da saurin fushi. Wata ƙaramar jam'iyya ta ba shi tuta don ba wanda ke nema. Ba waliyyi ba ne, ni shaida ce, ya taɓa yi min ƙofa ta karkace ya ce idona ne. Amma in ya kwanta yana jin ƙasa na zubewa a bayan ɗakinsa kamar yadda Mai Guga ke ji, wannan kuwa ya ishe mu.

Saura Yaya. Yayata mace ce mai sanyin hali, irin wadda in ka taka ta ita za ta ce ka yi haƙuri. Tun da nake ban taɓa jin ta musa wa wani babba magana ba, balle Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a tsohon gidanmu na cikin gari tun rasuwar Baba. Ni na raka Yaya ofishin. Ta ɗora yatsa a na'ura. A hanyar dawowa ta riƙe min gefen mayafi.

"Don Allah kada ki faɗa wa Inna."

Na ce, "Yaya, sata muka yi?"

"Ke dai ki bari. Zan nemi lokaci in faɗa mata da bakina. Ki yi min alkawari."

Na yi mata. Lokacin nan kuwa bai taɓa zuwa ba. Ta je gida sau da yawa, ta wanke wa Inna kaya, ta yi mata tsifa, ta dawo da maganar a cikinta. Kuma ashe ba ita kaɗai ba ce. Rabin waɗanda suka sauya katin nan a ɓoye suka yi, sun kai yatsa ofis amma sun kasa kai baki gida.

Ana cikin haka sai ɗan Kawu, ɗan ƙanen Inna, ya fito takarar kansila a mazaɓar cikin gari. Aka kira taron dangi. Ni ban je ba, don na san bakina kuma na yi alkawari. Yaya ta je. Aka ce kowa ya fito ranar zaɓe, kada a ba gida kunya, ta ce to tare da kowa. Da na tsare ta sai ta ce, "Ai to ɗin baki ce. Ranar sai in ce ba ni da lafiya."

Ranar zaɓe Mai Guga ya riga kowa fita. Shi ne wakilin Mai Walda a makarantarmu, an rataya masa kati a wuya, ya sa farar rigarsa da ya goge wa kansa, abin da ba kasafai yake samun sukunin yi ba. Ina shirin fita ke nan na ji ƙugin motoci. Manyan motocin haya ne, sun shigo unguwa a jere sun tsaya a bakin layuka. 'Yan takarar cikin gari ne suka turo a kwaso musu 'yan'uwa. Kuma sun san abin da suke yi, domin ba yaran mota suka turo ba. Kowace mota da tsoho a gabanta, wani da sanda, wata da carbi, kowa ya sauka ya nufi ƙofar jininsa.

Tamu motar Kawu ne a ciki da kansa. Ya yi sallama a gidana, na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi ki ɗauko yara," ya ce. "Innarku na can ta ɗora tukunya, ta ce kada in dawo ba ku."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Ni katina ya dawo nan unguwar."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke dama tun kina ƙarama ba ki da ta ido." Ya juya ya nufi gidan Yaya, ni kuma na bi bayansa ko takalmin kirki ban sa ba.

Yaya na tsakar gida tana shara, lafiyarta ƙalau, ba halin ƙaryar ciwo. Ta zube ta gaishe shi. Ya maimaita mata maganar Inna da tukunya. Na tsaya a bayansa ina girgiza mata kai, ina nuna mata bayan gidanta da hannu, inda katangar banɗaki ta riga ta fara tsagewa. Ta dube ni, ta dubi sandar Kawu, ta dubi ƙasa. Sai ta ce, "To, Kawu. Bari in ɗauko mayafi."

Wallahi na ji kamar in kwanta a gaban motar. Na tsaya a bakin layi ina kallon masu shiga. Ga tsohon masinjan nan, wanda daga baya ya sauya katinsa har ya zo yana nuna wa Mai Guga. Ga mai kanti da matarsa. Ga matan da muka bi layi tare a ofishin hukumar zaɓe, muka sha rana tare. Duk sun san sunansu ba ya can. Ba wanda ya manta, ba wanda ya ruɗe. Kowa kansa a sunkuye yake hawa, don ya kasa duban tsohonsa ya ce, na bar akwatin gidanmu.

Hanyar fita unguwarmu ɗaya ce, ta gaban makarantar take bi. Mai Guga na tsaye a bakin ƙofa motocin suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Yaya na zaune a jikin taga. Da ta hango shi sai ta ja mayafi ta juya fuska. Na iso na same shi yana kallon hanyar, bayan motocin sun daɗe da ɓacewa. Na buɗe baki zan yi magana ya ce, "Shiga layi, Barkono. Rana na yi."

Na shiga. Na nemo sunana a bango, na ɗora yatsa a na'ura, aka ba ni takarda, na shiga bayan labule na dangwala sau ɗaya a gidan alamar jam'iyyar Mai Walda, na hura tawadar ta bushe don kada ta shafi wani gida a ce ta lalace, na ninke na jefa. Ban tafi gida ba. Duk wanda ya jefa Mai Guga sai ya ce masa ya nemi inuwa ya zauna, ba a barin akwati shi kaɗai. Layin ran nan ya fi na kowace shekara tsawo, har ma'aikatan suna mamaki. Amma mu da muka san yawan waɗanda suka sauya kati mun san rabi ne.

Da la'asar aka zazzage akwatin a gaban kowa, ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya ana faɗar mai ita. Mai Walda ya cinye akwatinmu kaf, matasa suka yi ta ihu. Mai Guga bai yi ba. Da aka haɗa da akwatunan tudu, Sai Gobe ya koma kujerarsa. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai cikin mota ɗaya daga motocin nan ba.

Sai da aka buɗe hanya da yamma su Yaya suka dawo. Daga baya ta ba ni labarin yininta, ba don na tambaya ba. Ta bi layi tare da dangi tun safe. Da ta kai gaba ma'aikacin ya duba ya sake dubawa ya ce ba sunanta. Ta ce, "Ashe?" Na bayanta ma haka, na bayansa ma haka. Tsofaffi suka yi ta tsine wa ma'aikata, wai an goge sunayen 'ya'yansu da gangan. Su Yaya suka tsaya suna ji, ba wanda ya ce kanzil. Aka koma gida aka ci abinci. Ɗan Kawu kuwa ya ci zaɓensa da rata mai faɗi, ko da ƙuri'arsu ko babu.

Mai Guga bai yi mata faɗa ba. Da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya koma shagonsa ya daina wa'azi, ya daina tambayar kowa kati. Da rani ya yi nisa ya shiga cika buhuna da ƙasa yana jerawa a bayan katanga, shi da 'ya'yansa. Na ce masa wannan kamar tare rafi da tafin hannu ne. Ya ce ya sani.

Gidan ya tafi ne da rana tsaka, a tsakiyar damina. Tun safe ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen azahar muka ji ƙara, banɗaki da madafi sun faɗa. Maƙwabta suka fito cikin ruwa suna ihu, "Ku fito! Ku fito!" Yaya ta fito da yaran. Shi kuwa shago ya shiga, ya dinga ɗauko ƙunshin kayan mutane yana kaiwa gidan da ke kallonsu, ya koma, ya sake komawa. Ina ihu ina cewa ya bar tsummokaran nan ya ɗauko nasu, yana cewa amana ce. Sai da ya fitar da na ƙarshe ya juya zai shiga ciki, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ɗakuna biyu suka tafi gaba ɗaya, da gadon Yaya da kwanukanta da littattafan yara. Abin da ya rage shago ne da rabin ɗaki, ƙofarsa a buɗe tana kallon iska.

Waɗanda suka taya shi kwashe ɗan abin da ya saura, yawancinsu mutanen motocin nan ne. Tsohon masinja har da hawaye, yana cewa ƙaddara ce. Na ajiye bokitin da ke hannuna na ce, "Ƙaddarar ce ta ɗaga maka ƙafa ta sa ka a mota?" Mai Guga ya ce, "Ya isa." Ba da wasa ya faɗa ba, ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, na ɗauki bokitina na ci gaba da kwasar kaya. Sai Gobe ma ya zo jaje da tabarmi da bokitai, aka ɗauki hoto, ma'aikatansa suka ce kada kowa ya ƙara kwana a abin da ya rage.

Ina za su? Gidan mahaifinsa an daɗe da rabawa an sayar. Nawa ɗaki biyu ne, mu ma a matse muke. Wuri ɗaya ne ke da ɗakin da ba kowa, shi ne gidan Inna, ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga inda ake tara tarkace. Nan aka share musu. Mutum da furfurarsa, wanda ya gina gida da damtsensa, ya koma zaman gidan surukai. Ya kafa teburinsa a waje gindin katanga. In zai wuce ƙofar Inna sai ya cire takalmi ya sunkuya. Ba ya iya cin abinci a cikin gidan, sai an kai masa waje. Cikin ɗan lokaci rigunansa suka yi masa yawa, kuma duk sanda na gan shi sai zuciyata ta yi min ciwo.

Wata rana na je gaishe da Inna, na same ta a kan tabarma, Yaya na matsa mata ƙafa. Ana hira sai Inna ta ce, "Ni abin da ke ba ni mamaki, unguwa guda ku rasa wanda zai tsaya muku a hukuma? Kuna kallo rami ya ci gida?"

Yaya ta mintsine ni. Na ce a raina alkawarin ya faɗa rami tare da gidan. Na kwashe komai na faɗa wa Inna, tun daga maganar Sai Gobe, da sauya kati, da motoci, da layin da Yaya ta bi tana sane ba sunanta, har ratar da ba ta kai cikin mota ɗaya ba.

Inna ta janye ƙafarta daga hannun Yaya. 

"Ni me na sani game da akwati?" ta ce. "Ɗan Kawunku ya ci ko ya faɗi, me zai ƙara min a shekaruna? Ni na ce a ɗauko ku ne don ranar ce kaɗai nake ganinku gaba ɗaya a tsakar gidan nan, ku da jikokina. Da kin buɗe baki kin ce min gidanki ne a bakin rami, wallahi da ni zan kore ki da kaina, in ba ki kuɗin mota." Ta share ido da bakin zane. "A kira min shi."

Mai Guga ya shigo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, hannunsa baƙi da gawayi.

Inna ta ce, "Ashe ni na rushe maka gida."

"A'a, Inna," ya ce. "Kada ku faɗi haka. Ruwa ne."

"Ba ruwa ba ne." Yaya ce ta yi maganar, da ƙarfi, har yaran da ke wasa a tsakar gida suka tsaya. "Ba ruwa ba ne, kuma ba Inna ba ce. Kalma ɗaya ce ya kamata in faɗa wa Kawu, a'a, na kasa."

Shi ne karo na farko da na ji Yaya ta musa magana a gaban Inna. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Mijinta na tsugune taku biyu daga inda take, yana so ya ba ta haƙuri, amma a gidan surukai yake, bai iya ko ɗaga kai ya dube ta ba.